Dutsen Kwatarkwashi da Kwarin Gulbin Sakkwato: Darasi Daga Hawan Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Tsafe zuwa Gusau ya san Dutsen Kwatarkwashi, domin ba ya ɓoyuwa. Tun daga nesa ake hango shi tsaye a tsakiyar gonaki, garin kuma yana kwance a gindinsa. Da yawa daga cikinmu mun sha wuce shi a mota lokacin tafiya hutu ko dawowa makaranta, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar kansu me ya kawo wannan ƙaton dutse a ƙasa mai shimfiɗe, me ya sa itatuwa suka taru a wasu sassansa suka bar wasu tsirara, kuma ina ruwan da ke sauka a kansa yake zuwa. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A wannan darasi za mu bi dutsen daki-daki, daga gindi har bisa, sa'an nan mu dubi kwarin da ke ƙasa. Abin da muke so mu fahimta shi ne, tudu da kwari a ɗaure suke da juna. Abin da aka yi wa itatuwan kan dutse, manomin fadama ne yake girbarsa.

Inda Wurin Yake

Kwatarkwashi tana cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu a Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe ta shiga Gusau. Idan aka wuce Gusau aka miƙa hanyar Sakkwato, sai a tarar da garin Bungudu kansa. Ita ma Tsafe duwatsu ne suka yi mata ƙawanya, irin wannan dutse ɗin ne kuwa.

Babban kogin wannan yanki shi ne Gulbin Sakkwato. Yana tasowa daga wajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya bi ta Gusau da Bungudu, ya shiga madatsar ruwa ta Bakolori wadda aka kammala a 1978, ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan ya gangara ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kogin Kwara. Saboda haka ɗigon ruwan da ya faɗo a kan duwatsun Kwatarkwashi da Tsafe, ko ta wace ƙorama ya bi, cikin wannan babban kwari zai ƙare.

Asalin Dutsen

Masana kimiyyar ƙasa suna kiran irin wannan dutse giranit. Ba a sarari aka yi shi ba. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga can cikin ƙasa, amma bai kai ga fitowa ba, sai ya huce sannu a hankali a ƙarƙashin wasu duwatsu. Da yake a hankali ya huce, ƙwayoyinsa sun sami lokacin girma, shi ya sa idan muka ɗauki gutsurensa za mu ga ƙwayoyin da idonmu. Akwai masu haske kamar gilashi, wato ƙanƙara. Akwai farare ko masu ɗan ja-ja. Akwai kuma baƙaƙe masu ƙyalli.

Cikin shekaru masu ɗimbin yawa, ruwa ya yi ta cin duwatsun da ke rufe da shi yana kwashe su. Inda giranit ɗin yake da tsaguwa da yawa, ruwa ya shiga ya ruɓar da shi ya zama ƙasa. Inda yake dunƙule babu tsaguwa sosai, ya gagari ruwa, sai aka kwashe abin da ke kewaye da shi aka bar shi tsaye. Wato dutsen bai tsiro ba, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta yi ƙasa. Jamusawa sun ba irin wannan dutse suna mai ma'anar "dutse-tsibiri", domin yana kama da tsibiri a tsakiyar fili. Dutsen Zuma da ke kusa da Abuja da duwatsun Kufena na Zariya duk danginsa ne.

Har yau aikin bai tsaya ba. Fatar dutsen tana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, tana zamewa ƙasa. Ƙwayoyin ƙanƙara ba sa ruɓewa, su ne ke zama yashin da muke gani a gulbi. Fararen ƙwayoyin kuwa su ne ke ruɓewa su zama yumɓu da laka. Ashe yashin da magina ke ɗiba a Gulbin Sakkwato da lakar da manomin auduga ke nomawa, dukansu 'ya'yan irin waɗannan duwatsu ne.

Daga Gindi Zuwa Bisa

Mai hawan irin wannan dutse yakan ratsa sassa uku, kowane da irin ƙasarsa da tsirransa.

Sashe na farko shi ne gindin dutse. A nan ne duk abin da ya ɓare daga sama yake taruwa, manyan duwatsu da tsakuwa da ƙasa mai zurfi. Ruwan da ya zubo daga falalen dutse ma nan yake nutsewa. Shi ya sa gindin dutse ya fi filin da ke nesa da shi laima. Za mu tarar da kuka da tsamiya da kanya da ɗorawa, gonaki kuma sun matso har bakin duwatsu. Wannan ne ma dalili na farko da ya sa mutanen da suke kafa gari a irin wannan wuri: rijiya ba ta saurin ƙafewa.

Sashe na biyu shi ne na tsaguna da kwazazzabai, kuma nan ne hanyar hawa takan bi, domin nan ƙafa ke samun wurin takawa. Nan ne kuma kurmin dutse yake. Ganye da ƙura da kashin dabbobi suna taruwa a cikin tsaguwa su zama baƙar ƙasa mai taushi. Gatari da wutar daji ba sa isa wurin da sauƙi, saboda haka itatuwan da suka yi ƙaranci a fili sukan tsira a nan. Daga cikin itatuwan da ke son duwatsu a ƙasar Hausa akwai marke, da hano wanda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda da ƙaro mai ƙanshi, da kukkuki, da dangin ɓaure. Dangin ɓaure abin lura ne ƙwarai. Tsuntsu ne yakan ci 'ya'yansu ya kasayar da irin a cikin tsaguwa. Idan ya tsiro sai ya tura saiwa can ciki neman laima, saiwar tana kauri tana buɗa tsaguwar, har wata rana dutsen ya rabe. A wannan sashe ne ake iya cin karo da birai da rema da zabin daji. Iska a nan tana da sanyi, ƙasa tana da danshi, ko da rana ta take.

Sashe na uku shi ne falalen dutse, inda babu ƙasa sai gansakuka da 'yar ciyawa da ta manne a ƙananan ramuka. A bisa akan sami kwarmi-kwarmi da ke riƙe ruwan sama na ɗan lokaci, inda tsuntsaye ke sha. Mutane sukan ce saman dutse ya fi ƙasa sanyi. Gaskiya ne, amma mu san gwargwadonsa. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a kowace mita 1,000 da aka hau. Wanda ya hau mita 300 ke nan ya sami ragin digiri 2 kacal. Yawancin sanyin da yake ji daga iskar da ke kaɗawa ba tare da shamaki ba ne. Shi kuwa falalen da kansa, idan rana ta yi tsaka, yakan yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu.

Maikin Kwatarkwashi

Ba a maganar wannan dutse a bar maiki, wanda ake kuma kira mikiya. Babban tsuntsu ne daga dangin ungulu, faɗin fukafukansa yakan kai mita biyu da rabi. A jikin gangaren dutse mai tsayi yake sheƙa, inda mutum da dabba ba sa kaiwa, kuma ƙwai ɗaya tak yake yi a lokacin sheƙa. Masana tsuntsaye na ƙarni na 20 sun rubuta Kwatarkwashi a matsayin fitaccen wurin sheƙarsa a Nijeriya. Tsofaffin garin kuma suna ba da labarin bikin kamun maiki da ake yi a zamanin da.

Dutsen yana yi wa maiki wani amfani bayan sheƙa. Idan rana ta gasa falale, iska mai zafi takan tashi sama, sai tsuntsun ya buɗe fukafukai ya hau kanta yana kewaye, ba tare da ya wahalar da kansa ba. Ta haka yake kaiwa inda ido ba ya ganinsa. A 1973 wani jirgin sama ya yi karo da maiki a sararin samaniyar Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, a tsayin kimanin mita 11,300. Dutsen Ebares, wanda ya fi kowane dutse tsayi a duniya, mita 8,849 ne.

Abin baƙin ciki, wannan tsuntsu ya ragu ƙwarai a duk Afirka ta Yamma, saboda gubar da ake sa wa mushe, da farautarsa don sayar da sassan jikinsa, da raguwar namun daji. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Tsuntsun da ƙwai ɗaya yake yi, idan aka kashe iyaye, ba a mayar da gurbinsu da wuri. Kuma idan babu masu cin mushe, mushe yakan daɗe yana ruɓewa a fili, karnuka da ƙudaje su yawaita, cuta ta sami hanya.

Abin da Ake Gani Daga Bisa

Daga kan dutse, ƙasa takan zama kamar taswirar da aka shimfiɗa. Abu na farko da ya kamata mu nema shi ne layin itatuwa masu duhun ganye da ke lanƙwasa a cikin gonaki. Duk inda muka ga irin wannan layi, ƙorama ce ko fadama. Idan muka bi su da ido za mu ga ƙanana suna shiga manya kamar jijiyoyin ganye, dukansu suna gangarawa kwari. Da rani gulbi yakan zama yashi fari, amma ruwa yana nan kwance a ƙarƙashin yashin, shi ne masu lambu ke tonowa su shayar da albasa da tumatir da tattasai.

Tarihin yankin ma ana iya karanta shi daga nan. A zamanin yaƙe-yaƙe dutse kariya ne: daga bisa ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, mata da yara kuma su sami mafaka a cikin koguna. Wannan ne dalili na biyu da ya sa tsofaffin garuruwa kamar Kwatarkwashi da Tsafe suka zauna a jikin duwatsu. Kafin jihadin da ya fara a 1804, wannan yanki yana ƙarƙashin ikon Katsina, ana kiransa Katsina Laka. 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ta yi suna a matsayin garin malamai. Gusau kuwa Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa ta, wanda yake cikin mabiyan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma har yau sarautar garin Sarkin Katsinan Gusau ake kiranta. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai harkar rayuwa ta koma bakin hanya. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga da gyaɗa ya bunƙasa, Gusau da ke bakin gulbi ta zarce garuruwan kan dutse girma.

Lissafin Ruwa

Yanzu mu zo ga zuciyar darasin. Yankin Gusau yana samun ruwan sama tsakanin milimita 800 da 1,000 a yawancin shekaru, kuma kusan dukansa a cikin 'yan watannin damina yake sauka. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Hekta 1 kuwa murabba'in mita 10,000 ce. To, idan aka yi ruwa na milimita 30 a dare ɗaya, hekta 1 ta falalen dutse ta karɓi lita 300,000, wato duro 1,500 mai cin lita 200. Falale ba ya shan ruwa. Duk wannan ruwa zai gangaro ne cikin ɗan lokaci kaɗan.

Me zai tare shi? Kurmin da ke cikin tsaguna da itatuwan gindin dutse. Ganye yana karya ƙarfin ɗigon ruwa. Busasshen ganyen da ya zuba yana riƙe ruwa kamar soso. Saiwa tana ɗaure ƙasa, tana kuma buɗa hanyoyin da ruwa zai nutse. Ruwan da ya nutse ba ya ɓata, shi ne ke tafiya a hankali ta ƙarƙashin ƙasa ya ciyar da rijiyoyi da fadamu har cikin rani.

Idan aka sare itatuwan don itacen girki ko gawayi, ko aka saka wa wurin wuta kowace shekara, sai ruwan ya sauko gaba ɗaya da ƙarfi. Zai kwashe 'yar ƙasar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa a tsaguwa, kuma da zarar ta tafi, ko an dasa itace babu inda zai kama. A ƙasa kuma ruwan zai haƙa kwazazzabai a gonaki, ya zuba yashi a kan fadama, ya kai laka cikin madatsun ruwa ta rage musu zurfi. Da damina a yi ambaliya, da rani rijiya ta ƙafe da wuri. Mutanen Gusau sun san ƙarfin ruwan gulbi idan ya taru, domin a 2006 madatsar ruwan garin ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje. Mai saran itace a kan dutse bai san manomin da ke Bungudu ba, amma ruwa ya haɗa su.

Shirin Tafiya

Magana ta farko ita ce tsaro. Tun wajen 2011 dazuzzukan Zamfara suka shiga matsalar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, kuma ƙananan hukumomin Tsafe da Bungudu suna cikin waɗanda abin ya shafa. Saboda haka kada wani ɗalibi ya ɗauki wannan darasi a matsayin izinin tafiya. Ba a zuwa sai da yardar hukumar makaranta da iyaye, da shawarar jami'an tsaro, da izinin masu gari, tare da ɗan jagora ɗan asalin wurin. Idan suka ce a dakata, sai a dakata. Dutse ba ya gudu.

Idan hali ya yi, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin hazon hunturu ya rufe sarari. A lokacin dutse ya bushe, ganye bai gama zuba ba, ana kuma hangen nesa. A tashi da sassafe domin a sauko kafin rana ta take. Wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya kawo wata ƙa'ida a 1892 ta ƙiyasta lokaci: a ba kowace kilomita 5 awa 1, a ƙara awa 1 a kan kowace mita 600 ta hawa. Wannan lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. Ayarin ɗalibai sai ya ƙara lokacin hutawa da na rubutu.

Ga sauran abubuwan kiyayewa:

1. A sa takalmi mai ƙasan roba wanda ya kama ƙafa. Silifa ba takalmin dutse ba ne.
2. Kowa ya riƙe ruwan sha aƙalla lita 2, da hula, da littafin rubutu da fensir.
3. Mafi rauni a ayari shi ne ma'aunin saurin tafiya. Malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Sannu ba ta hana zuwa.
4. Kada a taka jiƙaƙƙen falale, domin gansakuka tana da santsi kamar kuɓewa. Idan hadari ya taso a sauko nan da nan, saboda tsawa takan faɗa a wuri mai tsayi.
5. Kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, nan kububuwa da kunama ke fakewa. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.
6. A yi nesa da kogon da ƙudan zuma ke shiga, kada kuma a mirgino dutse, domin ba a san wanda ke ƙasa ba.
7. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin gwiwa ta gaji, hankali kuma ya koma gida.
8. Kada a kunna wuta, kada a taɓa sheƙar tsuntsu, kada a bar leda. Wuraren da mutanen gari suke girmamawa, mu ma mu girmama su.

Kammalawa

Mun ga cewa Dutsen Kwatarkwashi ragowar tsohon dutse ne da ruwa ya kasa cinyewa, kuma daga irinsa yashi da lakar kwari suka fito. Mun ga cewa ɗan kurmin da ke cikin tsagunansa shi ne ke tsakanin ruwan sama da gonakin da ke ƙasa. Ubangiji Allah ya ba mu wannan ƙasa amana, mu yi amfani da ita mu kuma kiyaye ta. Wasu daga cikinmu za su zama malaman gona, wasu injiniyoyi, wasu masu mulki, wasu kuma za su koma gonakin iyayensu. Ko ina muka sami kanmu, ranar da aka kawo mana maganar saran daji ko dashen itace, mu tuna da duro 1,500 ɗin nan da ke gangarowa daga hekta ɗaya a dare ɗaya. Muna roƙon Allah ya dawo da zaman lafiya a ƙasarmu, domin ƙannenmu su hau wannan dutse su ga abin da muka karanta da idonsu.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana yadda aka yi dutse irin na Kwatarkwashi ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili.
2. Kawo dalilai biyu da suka sa mutanen da suke kafa gari a gindin dutse.
3. Idan aka yi ruwan sama na milimita 45, lita nawa za ta sauka a kan hekta 2 ta falalen dutse?
4. Zana hanyar Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa zuwa Kogin Kwara, ka nuna Gusau da Bungudu da Bakolori.
5. Aikin yi: a cika kwano biyu masu huji da ƙasa, a rufe ɗaya da busasshen ganye, a bar ɗaya haka nan. A karkata su daidai wa daida, a zuba musu ruwa gwangwani ɗaya-ɗaya. A rubuta wanne ne ruwansa ya fi saurin gangarowa, wanne ne kuma ya fi kwasar ƙasa.